Kwandalar Santi Ashirin: Kwana Takwas a Ƙasar Girka

Taron malaman gona ne ya kai ni Girka, taron kwana uku kan noman rani a wuraren da ruwa ke ƙaranci. Rabin wahalar tafiyar tun a gida na sha ta. Sau biyu na je Abuja saboda biza, riƙe da takardar banki ta wata shida, inshorar lafiya, wasiƙar gayyata da shaidar masauki, ga yuro 90 na bizar kanta, wanda ko an hana ka ba mai dawo maka da shi. A zuwa na biyu na ce bari in ƙirga shingayen da ke hanya, kafin mu wuce Zariya na gaji na bari. Da fasfo ya fito, kwana goma aka ba ni cif. Muka tashi daga Kano, muka yi zaman awa shida a Alkahira kan kujerar ƙarfe, washegari da hantsi muka sauka Atens cikin sanyin farkon Nuwamba, mai laushi, ba irin na hunturunmu mai fasa leɓe ba.

Jami'in da ya karɓi koren fasfona ya daɗe yana jujjuya shi. Me ya kawo ka, ina za ka kwana, yaushe za ka koma. Na riƙa miƙa masa takardu ɗaya bayan ɗaya, gabana na faɗuwa. Sai da ya buga hatimi sannan ya ɗago kai ya ce, "Najeriya? Yanis!" ya yi alamar jefa ƙwallo a kwando. Ni da ban taɓa kallon ƙwallon kwando ba, sai daga baya na gane Yanis Antetokumbo yake nufi, wanda aka haifa a Atens a 1994, iyayensa kuwa daga Legas suka je. Har na bar ƙasar, wannan suna shi ne ƙatin shaidata a wajen direbobi da masu shayi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni tsakiyar gari a kan yuro 9. Na kama ɗaki kusa da dandalin Omoniya, yuro 45 kwanan duniya, kuɗin da in ka juya shi zuwa naira barci ba zai zo maka ba, don haka na daina juyawa. Unguwar cike take da 'yan Pakistan da Bangaladash da Larabawa, abin da ya sauƙaƙa mini neman halal. Kalmar Girkanci ta farko da na haddace bayan gaisuwar "kalimera" ita ce "hirino", wato naman alade, domin shi ne ya fi yawa a gasasshen naman da suke naɗewa cikin gurasa. Buta kuwa babu dalilinta. Gorar ruwa na yanke wa baki, ita na yi ta yawo da ita har na dawo.

A safiya ta biyu na tsaya wajen wani mai tebur na sayi kuluri, wani zagayayyen burodi mai riɗi da suke karyawa da shi. Cikin canjin da ya ba ni akwai kwandala ruwan ɗorawa ta santi 20, da hoton wani mutum mai siririyar fuska da doguwar kwala. A wajen taro, lokacin shan shayi, na nuna wa wani dattijon malamin jami'a da muka fara sabawa, na ce wane ne wannan. Ya dube ni kamar na ce ban san gero ba.

"Abokina, kai malamin gona ne, ba ka san mutumin da ya koya mana cin dankali ba? Kibarnitis ke nan."

Kibarnitis a bakinsu gwamna ke nan, kuma in aka faɗe ta haka ziƙau, mutum ɗaya ake nufi: Ioannis Kapodistrias, shugaban farko na Girka bayan ta ƙwace kanta daga daular Usmaniyya ta Turkawa. Bakina dai Kafodistiriyas yake iya faɗa, haka zan ci gaba da rubutawa. Dattijon ya ce da Gwamna ya kawo dankalin turawa don maganin yunwa, manoma suka ƙi ko kallonsa. Sai ya sa aka jibge buhunan a bakin tashar jirgin ruwa, aka zuba masu gadi, aka kuma raɗa musu su riƙa kau da kai. Mutane suka ce abin da gwamnati ke gadi haka lalle mai daraja ne, suka sace shi tas, suka shuka. Na yi dariya har da ƙwalla, domin na taɓa raba ingantaccen irin masara kyauta a wani ƙauye, na dawo bayan wata guda na tarar an ba kaji. Dattijon da kansa ya ƙara da cewa ana ba da irin wannan labari a Faransa da Jamus kan wasu mutanen daban, in ɗauke shi a matsayin hira. Amma tun daga nan mutumin ya shiga raina. Da aka tashi daga taro ina da sauran kwana huɗu a hannu, sai na ce bari in bi sawunsa.

Na fara da mutum-mutuminsa da ke zaune a gaban tsohon ginin Jami'ar Atens, wadda aka kafa a 1837 kuma take ɗauke da sunansa. Da dare dattijon ya gayyace ni cin kifi, ya warware mini tarihin a kan tebur, yana zana taswira da cokali.

A tsibirin Korfu aka haife shi a 1776, lokacin tsibirin na hannun mutanen birnin Banis na Italiya, a gidan masu sarauta. Likitanci ya karanta a Faduwa ta Italiya, ya dawo yana duba marasa lafiya, ana cewa talakawa ba ya karɓar kuɗinsu. Siyasa ta same shi ne da aka kafa wata 'yar jamhuriya ta tsibirai bakwai a 1800, inda ya zama sakataren gwamnati tun bai kai talatin ba. Da Faransawa suka karɓe tsibiran a 1807, sai ya nufi Rasha, ya shiga aikin jakadanci a ƙarƙashin Sarki Iskandari na Ɗaya a 1809. A 1813 aka tura shi Siwizalan, inda lardunan ƙasar ke shirin cin naman juna bayan tafiyar Nafoliyon. Ya yi ta kai-komo tsakaninsu har aka samu yarjejeniyar tarayya, manyan ƙasashe kuma suka amince a 1815 cewa Siwizalan 'yar ba-ruwanmu ce. Birnin Lozan har takardar zama ɗan gari ya ba shi. Ya zauna a babban taron ƙasashen Turai na birnin Biyana, sannan daga 1816 zuwa 1822 shi da wani minista mai suna Nesselrode suka riƙe harkokin wajen Rasha. Bagirke, ɗan ƙaramin tsibiri, yana magana da yawun ɗaya daga cikin manyan daulolin duniya, Metternich, ministan harkokin wajen Ostiriya, kuwa ya tsane shi kamar me.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu shirya tawaye a ɓoye sun nemi ya shugabance su ya ƙi, yana ganin lokaci bai yi ba. Yaƙin ya ɓarke a 1821 ba da shi ba. Da ya ga Sarkin Rasha ba zai taimaki Girkawa ba, ya ajiye aiki ya koma Janiba yana tara musu gudummawa. A 1827 majalisar 'yan tawaye, bayan sun gaji da yaƙar junansu, ta zaɓe shi gwamna na shekara bakwai.

Washegari na hau jirgin ruwa daga tashar Firiyas zuwa tsibirin Egina, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, kuɗin bai wuce yuro goma da ɗoriya ba. Ban taɓa hawa teku ba. Na zauna a ciki na ƙanƙame kujera, sai da na ga tsofaffin mata suna saƙa hankali kwance sannan kunya ta fitar da ni waje. A bakin tasha kowane shago fistiki yake sayarwa, wata 'yar ƙwaya mai ɓawo a buɗe, cikinta kore, ɗanɗanonta tsakanin gyaɗa da yazawa. Na sayi ƙulli biyu na tsaraba, ɗaya bai kai gida ba.

Egina ce hedikwatar farko. Nan ya yi rantsuwar kama aiki a Janairun 1828, nan ne kuma gidan gwamnatinsa. Na yi ta neman fada, wani yaro mai keke ya nuna mini wani gini mai hawa ɗaya wanda ko sakatariyar ƙaramar hukumarmu ta fi shi girma. Mutumin da ya saba da fadojin Rasha a nan ya zauna, ofis a ƙasa, makwanci a sama. Ƙasar da ya tarar kuwa kufai ce. Sojojin Ibrahim Basha na Masar, da suka zo taimakon Turkawa, sun ƙone gonaki sun sare itatuwan zaitun, baitulmali wayam, mayaƙa ba albashi, 'yan fashin teku sun cika ruwa, ga annoba. Cikin ƙasa da shekara huɗu ya buga kuɗin ƙasa mai suna finikis, ya buɗe banki, ya kafa makarantar horar da hafsoshi, ya killace garuruwan da annoba ta shiga kamar yadda likita zai yi, ya baza makarantun firamare inda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana saboda ƙarancin malamai. Albashinsa ya ƙi karɓa, dukiyarsa ma ya zuba a asusun gwamnati. Bai taɓa aure ba.

Na taka zuwa gidan marayun da ya gina don ɗaruruwan yaran da yaƙi ya cinye iyayensu. Dogon gini ne na dutse mai faffaɗan tsakar gida, inda aka koya musu karatu da sana'a. Na leƙa ta ƙofa na ga tagogi da sandunan ƙarfe. Wani tsoho da ke zaune a inuwa ya ce ai daga baya kurkuku aka mayar da shi, ya yi kusan shekara ɗari ana tsare mutane a ciki, har da fursunonin siyasa, sai a shekarun 1980 aka rufe. Na daɗe a tsaye a wurin.

Juma'a na yi ta a Atens, a masallacin unguwar Botanikos da aka buɗe a 2020, gini marar hasumiya da za ka ɗauka ɗakin ajiya ne. Asabar da sassafe na kama motar safa daga tashar Kifisos zuwa Nafliyo, tafiyar kilomita wajen 140, yuro goma sha biyar ba kaɗan. An rubuta ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ɗin muka tashi, da kujeru fiye da goma babu kowa. Babu ɗan kamasho, babu jiran ciko. Awa biyu muna tafiya ban ga shinge ko ɗaya ba sai ƙofofin biyan kuɗin hanya, har na riƙa taɓa aljihun da fasfona yake ina jin kamar an manta da wani abu. Mun tsallaka mashigin Korinti, wani tsagi da aka yanka cikin dutse aka gama a 1893, tsawonsa ya ɗara kilomita shida, zurfinsa kuwa in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Daga nan muka gangara kwarin Argos, lemo ko'ina, ya fara nuna, da bututun ban-ruwa na ɗigo shimfiɗe a gindin kowace bishiya. A nan idon malamin gona ya buɗe. Daf da Nafliyo, a Tirinis, Gwamna ya kafa makarantar koyon noma a 1829. Yanzu gidan yari ne na noma a wurin. Na ce ikon Allah, gini biyu ke nan.

Nafliyo gari ne mai kyau har ya so ya yi yawa: lunguna shimfiɗe da dutse, furanni na zubowa daga baranda, ƙaramar ganuwa a tsakiyar ruwa, babba kuma a kan dutse tana kallon kowa. Nan aka dawo da hedikwata daga Egina. Na sauka a gidan wata mata mai ɗakunan haya huɗu, yuro 40 har da karin kumallo. Shekarunta za su yi na babata, don haka "Mama" na riƙa ce mata, ita kuma tana ce mini "fedi mu", wato ɗana. Da ta ji ba na cin alade, ta dafa mini fasolada, miyar farin wake da tumatir da man zaitun, ta kawo da burodi da cukun feta mai gishiri. In ka rufe ido ka ce romon wake ne na gida, yaji kawai ya rasa. Na ciro ƙullin yajina na barbaɗa, ta ɗanɗana, ta yi ta tari tana kiran sunan waliyyai.

Ita ce ta rikita mini lissafi. Na zo da labarina a shirye: mutumin kirki, marar cin amana, azzalumai suka kashe shi. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta ajiye cokali ta ce kakarta 'yar Mani ce. Mani yanki ne na duwatsu a can kudu, masu gidaje kamar hasumiya da gabar jini ta gado, waɗanda Turkawa ba su taɓa lanƙwasa su yadda suke so ba.

"Ɗana, su wa suka yi yaƙin? Lokacin da Fetrobe ya shiga Kalamata da mutanensa a 1821, shi Gwamna yana ina? Yana Rasha. Fetrobe ya binne 'ya'ya da ɗan'uwa saboda ƙasar nan. Sai likita ya zo daga Korfu da takardar haraji, ya kuma jefa tsohon a kurkuku."

Fetrobe Mabromihalis shi ne jagoran Mani. Abin da ta faɗa ba ƙage ba ne. Kafodistiriyas yana zuwa ya jingine tsarin mulkin da aka zaɓe shi a kansa, ya maye gurbin majalisa da 'yan shawara, ya ce ƙasa ba ta nuna ba tukuna. Ya ɗora 'yan'uwansa biyu, Biyaros da Agustinos, kan manyan muƙamai, alhali ba su da farin jini. Ya matsa wa jaridu. Manyan masu jiragen ruwa na tsibirin Idira, da suka ƙarar da dukiyarsu a yaƙi, suka nemi diyyar da baitulmali ba shi da ita. Ingila da Faransa kuma suna masa kallon yaron Rasha. A Agustan 1831 rikici ya kai ga Miyawulis, gwarzon yaƙin ruwa, ya cinna wa babban jirgin yaƙin ƙasar wuta a Foros don kada ya koma hannun gwamnati. Shi yana ganin manyan gari ɓarayi ne masu tatsar talaka, su suna ganin baƙo ne da ya zo cin tuwon da bai tuƙa ba. A ganina kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma Gwamna, duk da ƙwarewarsa wajen sasanta lardunan Siwizalan, bai yi wa nasa mutanen irin wannan haƙurin ba.

Lahadi da sassafe na fita neman cocin Ayos Sifiridon. Ƙarami ne, a matse cikin lungu, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. A irin wannan safiya ta Lahadi, 27 ga Satumba 1831 a tsohon lissafinsu, wato 9 ga Oktoba a namu, ya taho ibada da masu gadi biyu kacal, duk da an gargaɗe shi. A bakin ƙofa Kostantinos, ƙanin Fetrobe, da Yorgos, ɗan Fetrobe, suna jira. Ɗaya ya harbe shi a ka, ɗaya ya soke shi da wuƙa. Shekararsa 55. Kostantinos bai bar unguwar da rai ba, Yorgos kuma aka yanke masa hukunci aka harbe shi bayan 'yan kwanaki.

A jikin bango, gefen ƙofar, akwai ɗan gilashi da bai fi tafin hannu ba, da zoben tagulla, a bayansa gurbin harsashi. Na sa yatsa a kan gilashin, sanyi ƙalau. Daga ciki ana jin waƙar limaminsu da ƙamshin turare, wata tsohuwa ta zo wucewa ta yi alamar gicciye ta shige. Da na juya, a bangon da ke fuskantar cocin sai ga tsohon famfon Turkawa da rubutun ajami a samansa, irin wanda mai hali ke ginawa sadaka don masu wucewa. Na tsaya ina ƙoƙarin haɗa baƙaƙen. A babban dandalin garin ma akwai tsofaffin masallatai biyu masu ƙubba, ba hasumiya: ɗaya ya zama zauren majalisar farko ta 'yan tawaye, ɗaya ya yi makaranta, ya yi silima. Musulmin da suka yi salla a cikinsu yaƙin nan ne ya kore su ko ya cinye su, kamar yadda sojojin Turkawa suka yi wa Kiristocin tsibirin Kiyos kisan gilla a 1822. Ina sha'awar mutumin, ina kuma tsaye a kan kufan 'yan'uwana. Ban san yadda zan haɗa biyun ba, ban kuma yi ƙoƙari ba.

A bakin cocin nan Murtala ya faɗo mini. Shi ma da safe aka tare shi, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, cikin mota ba wani ayarin tsaro, motar tana nan a gidan tarihi na Legas da hujojin harsashi. Shi ma gaggawa gare shi, ya sallami dubban ma'aikata ba tare da an saurari da yawansu ba, har yau akwai gidajen da ba a yabonsa a cikinsu. Shi ma an sa wa filin jirgin sama sunansa, kamar yadda na Korfu ke ɗauke da sunan Gwamna. Na ciro kwandalar na duba: ashirin. Murtala ma a kan naira ashirin yake. Na yi dariya ni kaɗai a lungu, wani mai shara ya dube ni.

Bayan kisan ƙasar ta sake rikicewa. Agustinos ya riƙe mulki 'yan watanni, ya gudu a 1832 da gawar ɗan'uwansa zuwa Korfu, inda aka binne shi a gidan ibada na Filatitera. Manyan ƙasashe suka kawo wa Girkawa wani saurayi Bajamushe daga Bafariya, Oto, ya sauka Nafliyo a 1833 a matsayin sarki, shekara guda bayan nan aka mayar da hedikwata Atens. Waɗanda suka ce ba za su bi ɗan Korfu ba, suka wayi gari suna bin wanda ko Girkanci bai iya ba.

Da yamma na ce sai na hau Falamidi, ganuwar da mutanen Banis suka gama a 1714. Mutanen gari na cewa matakalarta 999 ce. Na ƙirga zuwa ɗari uku da wani abu, numfashi ya ƙwace, na zauna kan dutse wasu tsofaffin Jamusawa da sanduna suka wuce ni suna gaishe ni. Na dai kai, gwiwoyina suna rawa. Daga can sama kana ganin kwarin lemo har Argos, da rufin cocin, ɗan mitsitsi.

Korfu ban je ba. Tafiya ce ta yini guda a mota da jirgin ruwa, aljihu ya yi ƙasa, kwanakin biza kuma sun ƙare saura biyu. Mama ta cusa mini lemo shida da kwalbar man zaitun a jaka, ta ce in na koma in gaya wa mutanenmu Mani ma tana da nata bakin. Lemon na shanye a tashar mota, man kuma na naɗe shi cikin riguna uku, ya iso Kano lafiya.

Da na zazzage jaka a tsakar gida, yara suka yi wa fistiki rubdugu. Ƙaramin ya tsinci kwandalar a ƙasan jaka, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan za ta sayi alawa?" Na ce a nan ba za ta saya ba. Ya ajiye mini ita a kan tabarma ya koma wajen fistiki.